Kundin Cocin Sabon Gari

Ran Talata, dab da la'asar,
wata dattijuwa ta tsaya bakin rumfata a Fagge,
rungume da kundi kamar jinjiri.
Ene Ochigbo, daga cocin Metodis.
Ta ce, "Malam Tanimu, bayansa ya karye,
gara ta ci gefensa. Ɗinke mana shi."

Sana'ata allura ce da zare da danƙo,
ba na karanta abin da ba nawa ba.
Sai dai mai jera shafi dole ya dubi lamba,
ido kuwa ba ya jin linzami.

Tawada ta koɗe. Hannu bakwai na ƙirga,
wannan ya ajiye alƙalami, wancan ya ɗauka.
Turancina na firamare ya ishe ni:
an kai sabulu gidan yari, sanda goma sha biyu.
An buɗe ajin dare ga leburorin reluwe.
An rubuta wa mai masaƙa a Bompai
kan albashin wata uku. Bai amsa ba.
An sake rubutawa.

Wani dare sun yi gardama har fitila ta mutu.
Wani ya ce aikin coci addu'a ne, a bar hukuma da nata.
Wata ta ce magabatansu can ƙetare
a bakin ramin kwal suka yi wa'azi,
suka ja da masu cinikin bayi,
to su wa za su gada in sun yi shiru?

Ba duka shafi ne fari ba.
Akwai gwauruwar da aka ƙwace wa shago,
sau uku ana cewa an ɗage maganarta,
na huɗu kuɗin makararta aka rubuta.

A shafi na ɗari da tara allura ta soke ni.
An biya tarar wani ɗan dako,
Ɗan'azumi na Fagge,
da aka kulle kan buhun geron da bai ɗauka ba.
Sule goma sha biyar.

Babana ke nan.

Na tsotse jinin, na ci gaba da jerawa.
Can gaba, shekarar da gari ya kama da wuta,
rubutun yana rawa kamar an yi shi a kan gwiwa:
mu tara muka kwana uku
a ɗakin gawayin Ɗan'azumi.
Matarsa ta dama mana kunu.
Shi ya zauna a ƙofa da carbinsa,
ya ce wa masu gora, nan sai ta kaina.

Shekarata bakwai lokacin.
Na tuna an hana mu zuwa wajen ɗakin,
na tuna gawayi yana tari da dare.
Har ƙasa ta rufe idonsa
bai faɗi wannan ba, bai faɗi waccan ba.

Ran Asabar ta dawo.
Na sa masa bango na jar fata.
Ta miƙo kuɗi, na ce an riga an biya,
ta ce yaushe, na ce tun ba a haife ni ba.
Ba ta gane ba, ta ajiye su ƙarƙashin kwalbar danƙo.

Ta juya baya, ta ga farar takarda
arba'in da na ƙara, ba ta sa ni ba.
Ta lasa yatsa, ta ƙirga su ɗaya ɗaya,
ta dubi titi, ta ce,
"Ba za su isa ba, Malam."