Bakin Karfasa

A Dadin Kowa, ranar da Sarkin Ruwa Bappayo
ya kafa jan ƙyalle a bakin dam,
ya ce wata uku ba mai jefa taru,
na ja tsakin da ya sa akuyar Goggo Dudu ta waiwayo.

Wata uku! Ciki ya san lissafin wata?
Kwale-kwalena na kife a kan yashi,
tandun banda ya huce har kyanwa ta haihu a ciki,
mai shago ya fara gaishe ni da littafi a hannu.

Ubana in ya kamo giwan ruwa
mutum biyu ke ɗauka, wutsiya na sharar ƙasa.
Ni kuwa abin da na tato bara
da gidan sauron da asibiti ta ba matata
bai kai ɗan yatsan yaye ba.
Na auna a mudu. Na sayar. Na ci.

Daren sha tara da hani na saci jiki,
ba fitila, ba sallama,
na watsa birgi sau ɗaya.
Karfasa ce, faɗin tafi biyu.
Ina kama ta sai ta buɗe baki,
ga 'ya'ya, ƙanana kamar tsabar gero mai idanu,
suna zubowa a hannuna.
Ashe kwana da kwanaki ba ta ci ba,
ta ba su aron bakin.

Ni da na fito saboda baki huɗu a gida
na tsaya, ruwa iya gwiwa,
mai iyali na kallon mai iyali.

Kada a ce waliyyi na zama.
Na sake ta ne ina ƙunƙuni,
washegari muka sha kuka, ko ƙaya babu.

Yanzu ina cirar ciyawa a shinkafar Kwairanga,
bayana na zagina kullum la'asar.
Asabe ta haƙa rami ta shimfiɗa tamfol,
tarwaɗa ɗari biyu, talatin sun mutu,
sauran sun san takunta.

Saura kwana goma sha ɗaya.
Ina zaune ina saƙa sabon taru,
kowane ido yatsa uku na shiga.
Ɗan autana ya zura hannu ta ciki, ya ce,
Baba, ai duk za su tsere.
Na ce naka ne ke tserewa,
ka girma ka bi su.