Tsakanin Yatsu Biyu

Nomau ba ya karanta jikin galan.
Yakan tsoma sanda, ya ɗiga a babban yatsa,
ya murza da manuni, ya buɗe a hankali
yana kallon zaren da mai ke ja,
kamar mai gwada miyar kuɓewa.

"Wa ya zuba maka wannan?"

Wani yaro ne, a Badagishiri,
cikin kwalbar lemo, dala ɗari da hamsin.
Rannan buhu biyu na albasa ne a bayana,
rana tsaka, kwalta na ƙuna.
Man ya tsinke, ya koma shayi na uku,
ƙarfe ya riƙa gogar ƙarfe ba mai raba su,
inji na kaɗa haƙora kamar mai masassara.
Kafin in shiga Tawa
hayaƙina ya riga ni gari.

Sai na ce wallahi an daina.
Na nufi tashar manyan motoci
na sayo wanda ake ba kamiyo,
mai kauri kamar kunun da ya kwana.
Ƙara ta kwanta. Na yi barci da murna.

Da asuba sau goma sha ɗaya na taka
kafin ta yi tari ta tashi.
Tafiya kamar cikin taɓon Babaye,
in murɗa hannu, ta yi nishi,
esansi na zurarewa ban ga inda muka je ba.
Wata malamar asibiti da na ɗauko
ta duba agogo, ta sauka a Bilbis,
ta tsai da wani kabu-kabu a gabana.

Nomau ya goge hannu da tsumma.
"Ƴar motar nan hanyoyin cikinta kafar allura ne.
Mai kauri bai isa sama da wuri,
ruwa-ruwa kuwa bai zama inda ya je.
Kai ka ba ta yunwa, ka dawo ka shaƙe ta."

Ya kwance ƙusa, baƙin ya malalo cikin tasa,
a hankali, ba ya ko son fita.
Jikka uku, da rabin kwanon albasa.

Yanzu kowace Lahadi nakan tsuguna
in ɗiga, in murza, in buɗe.
Ban iya ba tukuna. Ina dai kallon zaren.
Rabi ta ce in ƙara sa wannan yatsa
cikin ƙwaryar furarta, in gani.