Idan Aka Ɗauke Wuta a Kakuri

Shekara ashirin da bakwai na yi a masaƙa,
aikina duban launi.
In ja ya tsallake iyakarsa da kaurin gashi,
in shuɗi ya leƙa gidan ruwan ɗorawa,
ni ke ɗaga hannu, inji ya tsaya.
Atamfa ba ta fita ƙofa da ƙarya a jikinta.

Ranar da aka sa wa masaƙa kwaɗo
idona bai ji labarin sallama ba.

Na fara da wani madubin hangen nesa na gwanjo,
daga Kasuwar Barci, ƙafarsa ɗaya ɗaure da roba.
Na saita shi a kan Zara,
sai ga ta da gezar shunayya
kamar zanen da ya zuba tun wankin farko.
Na ce a'a.
Tauraruwa ba ta yi laifi ba, gilashi ne mai algus.

Na yanzu kuwa, kada ku tambayi kuɗinsa.
Ku tambayi filina na Maraban Rido
da wani ke aza wa bulo.
Ku tambayi Asabe, da ta yi wata biyu
tana dire mini tuwo, fuskarta na kallon bango.

Gilashi uku ne jere a bakinsa,
kowanne na gyara kuskuren ɗan'uwansa,
har ja da kore da shuɗi,
da suka ɓata da juna a hanya,
su iso wuri ɗaya, su tsaya cak.
Abin da na tsufa ina roƙon inji ya yi ke nan.

Garin nan ba ya barin dare ya yi baƙi.
Shi ya sa in aka ɗauke wuta,
unguwa ta ja tsaki baki ɗaya,
ni nake hamdala ƙasa-ƙasa,
na saɓi ƙafafunsa uku na hau bene.
Jikata Laraba na biye da ni
da tocilan da muka rufe wa baki da jar leda.

Hoto ɗaya, awa uku.
Kamara na tara haske kamar mai adashi,
ɗigo-ɗigo.
Sauro ya ci rabonsa.
Tirela ta wuce, bene ya girgiza, mu sake.
Gajimare ya taso daga wajen kogi, mu naɗe kaya.

Wani dare Bulus maƙwabcina ya hauro,
igiyar janareto a hannunsa, ta tsinke,
yana neman aron filaya.
Na ce, sa ido nan tukuna.
Zuhal ne, da zobensa, tas, ba geza.
Ya ɗago ya duba bakin madubin
ko na manna hoto a ciki.
Ya sake sunkuyawa.
Filayar tana nan inda ya manta ta.

Asabe ce ta ƙarshe.
Ta hauro ne kwashe kuɓewar da ta shanya,
ba don ni ba, haka ta ce.
Na juya mata shi wajen Kaza da 'Ya'yanta.
Ta daɗe shiru.

Ta ce, "Inna ta ce mana bakwai ne."
Na ce ƙirga.
Ta kai arba'in, ta ɓata, ta sake daga farko.
"Duk na kaza ɗaya? Wa ke ba su tsaba?"

Sai aka kawo wuta.
Yara suka ɗauki ihu har bakin titi,
sama ta koɗe kamar tsohon zane.
Ta miƙe tana dafa ƙugu, ta ɗauki farantinta.
"Filin dai ya fi," in ji ta.

A matakala ta uku ta tsaya.
"Jatau, gobe in sun ɗauke,
ka tashe ni."