Karyayyar Masa

Shekara ashirin da shida ina juya masa a tanda
a bakin kasuwar Wunti,
tun ladan bai gyara murya ba.
Wadda ta ƙone a gefe, tawa ce.
Wadda ta karye, tawa ce.
Ashe jikina yana rubuta bashi ban sani ba.

Sai ƙishirwa ta tare a maƙogwarona.
In shanye randa, in tashi sau biyar cikin dare,
zanen da ke kama ni ya koma neman ƙugu.
Kiyashi suka ja layi a makewayi,
sun riga likita ganewa.

Sista Rifkatu ta soki ɗan yatsana,
ɗigo ɗaya, na'ura ta ƙifta ido,
ta dube ni ta saman tabarau.
Na ce, shi ke nan, an raba ni da duniya?
Ta ce, Goggo Tasalla, awo aka ce, ba yunwa ba.
Ta jawo farantin roba ta tsaga shi da bayan biro:
rabi na zogale, rama, kabeji, duk abin da ya yi kore,
kwata na wake, ko kifi, ko dafaffen ƙwai,
abin da ya rage na tuwo,
daidai dunƙulen hannunki, ba na Ɗanjuma bakanike ba.
Ƙwayar kuma kada ki yar don kin ji dama.

Na aika Dass a auno mini acha.
Ta yi dariya: acha ma, in ta cika kwano,
shinkafa ce ta sake suna.

Maƙwabciya ta kawo ƙullin gari mai ɗaci,
wai kwana bakwai ya tumɓuke suga har saiwa.
Yana nan kan katanga.
Kaji ma sun wuce shi.

Yanzu bayan la'asar nakan taka zuwa Ƙofar Ran,
'yan acaɓa na yi mini oda, ina ɗaga musu hannu.
Shayina ya zama gwauro.
Lemon kwalba sai dai mu gaisa a gidan biki.

Wata uku, lambar ta sauko,
ba da gudu ba,
kamar tsohuwa daga bayan akori-kura.

Har yau ni ke barbaɗa wa mutane sukari.
Tawa guda ce, ranar Juma'a,
na nutsar da ita cikin miyar alayyafo
ina tauna a hankali.
Karyayyun kuwa, Ɗanjuma ke kwashewa,
shi ma na ce ya je a soki yatsansa.