Nauyin Askar Ya Isa

Ranar ashirin da bakwai ga wata
na tsaya gaban kanti a Izmir ina lissafi da yatsu.
Kawunan reza huɗu cikin roba,
kuɗinsu ya kai cefanen kwana uku.
Na mayar da su inda na ɗauko.
Na shafa haɓata, ta amsa mini da kaushi.

Aikina duba tikiti a jirgin fito,
daga Konak in haye, in dawo, in sake hayewa,
kuma shugabanmu ba ya ƙaunar fuska
mai kama da gonar da aka girbe.

Can cikin kasuwa, bayan masu gyaran agogo,
akwai Hulusi. Shekara arba'in yana aski
kafin hannunsa ya soma rawa.
Yanzu kayan shagon yake sayarwa
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai cire haƙoransa.

Ya baje mini su a kan jarida:
tsohuwar askar tagulla mai baki biyu
da ake kwance wuyanta a ɗora reza,
burushin gashin doki da ya zube ta gefe guda,
sandar sabulu da ba ta kai kuɗin shayi biyu ba,
dunƙulen alif kamar ƙanƙarar da ta ƙi narkewa,
da reza ɗari cikin kwali.
Na ce, kwano fa?
Ya ce, gidanku babu kofin da hannunsa ya karye?

Na biya, har canjin burodi ya rage.

Ya riƙe mini hannun riga. Tayfun, ji nan.
Kada ka danna, nauyin askar ya isa.
Ka jiƙa gemun da ruwan ɗumi, ba faɗa kuke ba.
Ka bi gashi ta inda ya kwanta,
ko a fuska ɗaya ba hanya ɗaya suke bi ba.

Asubar farko na danna.
Ƙasan kunne, gefen haɓa, kan maƙogwaro.
Alif ya bi su da zafi,
ya karanta mini duk inda na yi gaggawa.
Na je aiki da guntayen takarda uku a fuska,
matuƙin jirgi ya tambaya
ko ni da kyanwar tasha muka raba kifi.

A mako na biyu kumfa ta daina zuba kamar romo.
Na gano cewa a ƙarƙashin muƙamuƙina na hagu
gashi yana juyawa kamar ruwa a bakin rariya.
Shekara ashirin da shida ina ɗauke da wannan fuska
ban taɓa sanin haka ba.
Minti goma kafin ƙahon jirgin farko,
ni da madubi mai tsatsa a kusurwa,
da ƙarar reza, kamar ana kankare ƙonannen burodi.

Da sanyi ya wuce na koma neman sabulu.
A ranar na dubi Hulusi da kyau:
furfura ta tsiro ba tsari,
ga ɓawon yanka biyu a kuncinsa.

Washegari na zo da kofina a aljihu.
Kujera ɗaya ce ya ƙi sayarwa, a kanta ya zauna,
ya ɗaga haɓa, ya rufe ido.
Kumfarka ta yi kauri, in ji shi.
Na ƙara ɗigon ruwa.
Da na iso fatar wuyansa mai laushi kamar tsohuwar takarda
sai hannuna ni ma ya soma rawa.
Bai buɗe ido ba.
Kada ka danna, Tayfun.

Da na gama ya bi fuskarsa da yatsu,
suka tsaya kusa da kunne, inda na tsallake.
Bai ce komai ba.
Ya miƙo sandar sabulu, ya ture kuɗina,
ya ce ranar Talata ba ya zuwa da wuri.