Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Shekara talatin da takwas ina raba wasiƙu a tuddan Ojiya.
Da na ajiye jaka, sai na ɗauki shebur.
Bayan gida, tsakanin gora da katangar Fumino,
na haƙa rami iya ƙugu,
na daɓe shi, na jera masa duwatsun kogi
da na kwaso ɗaya-ɗaya a kwandon keke.

Ran da na cika shi, ƙanƙara ba ta gama narkewa a kan tsauni ba.
Ruwa garau, kamar idon jariri.
Na saki koi bakwai:
biyar masu ja da fari, ɗaya baƙi wuluk,
ɗaya ruwan zinariya, wanda jikata Chizuru
ta raɗa wa suna Shugaban Gidan Waya,
wai don ya fi kowa tumbi.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina taƙama.
Ran na sha biyu na fito da koren shayina,
na dubi kofi, na dubi tafki,
ban ga bambanci ba.
Gansakuka ta sauka ba sallama,
ta shimfiɗa tabarmarta,
ta shanya gashinta a jikin duwatsuna.
Kifin da na zuba wa kuɗin sallamata,
sai dai baki ya ɓullo, ya yi hamma, ya nutse.

Na kwashe ruwan kaf.
Na dirje dutse har bayana ya ƙi miƙewa.
Kwana biyar ta dawo, da danginta.
Na sake. Ta sake.
Na sayo magani a kwalba mai hoton kifi yana murmushi.
Nawa bai murmusa ba:
baƙin ya kwanta a gefe guda, yini biyu,
ni ma ban ci abin kirki ba.

Fumino ta leƙo ta katanga.
Shekararta tamanin da ɗaya; a cikin kifi ta yi wayo.
"Genzo, sau nawa kake ba su abinci?"
Na ce, duk sanda suka buɗe baki.
Ta yi dariya har ta dafa bango.
"Ruwa ba ya tsami banza.
Abin da suka rage, da abin da suka fitar,
shi baƙuwarka ke ci.
Kai ke girkawa, rana na hura wuta.
Matatar nan kuma, daina wanke ta da ruwan famfo.
Akwai 'yan mitsi-mitsin da ido ba ya gani,
su ne ma'aikatanka;
kullum suna kafa gida, kullum kana rushewa."

Na rufe rabin tafkin da asabari.
Na dasa bado a tukwane uku.
Na jefa damin karan sha'ir cikin raga.
Abinci, iya wanda za su cinye kafin in ƙirga ɗari.
Ruwa, guga biyar nake canzawa ran Asabar, ba ƙari.
Mai gashin kuwa, in naɗe ta a sandar gora kamar taliya,
in kai wa kabejina.

Sauran aikin shi ne mai wuyar:
in zauna.
Ni da ban taɓa bari wasiƙa ta kwana a jakata ba.

Mako shida.
Wata safiya, bayan ruwan dare,
na hango wani abu na ƙyalli a can ƙasa:
kwabon da Chizuru ta jefa tun ranar farko,
har ina ganin hudar da ke tsakiyarsa.

Akwai sauran kore a jikin duwatsu,
gajere, mai laushi, kamar gashin ɗan tsako.
Na miƙa hannu ga burushi.
Ta bayan katanga na ji gyaran murya.
Na janye.

Shugaban Gidan Waya ya zo wucewa,
ya ɗan tsatsagi koren da leɓe,
ya yi gaba abinsa, sannu a hankali,
babu wanda ke jiran saƙo daga gare shi.