Nafada, Bakin Gongola

Kakana Bappayo mai fito ya ce
garin nan ya taɓa zama babban gari.
Turawa sun sauke akwatuna a gaɓar nan,
aka yi 'yan shekaru ana buga hatimi a takardu,
sai wata safiya suka ɗaure kaya
suka nufi Gombe.
Kogin bai bi su ba.

Shi aka bar mana, da halinsa.
Da damina yakan cika ya batse,
ya lashe gonar Inna Dudu har kunya bakwai,
da rani ya dawo biyan bashi:
baƙar laka, albasa, tattasai,
tarwaɗa na mutsu-mutsu a komar Manu.

Mu ma halinsa muka ɗauka.
Ba mu da saurin baki.
Baƙo in ya tambayi hanya
sai ya sha ruwa tukuna.

Jiya na ga kwalekwalen Bappayo
kife a gindin tsamiya,
awaki na tuƙa a inuwarsa.
Yara sun rubuta sunayensu da gawayi a jikinsa.
Ɗaya takwarana ne.
Ban san ɗan wane ne ba.